Kwas ɗin ENLS a idon mai aikin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka

Kwas ɗin Emergency Neurological Life Support, wanda aka fi sani da ENLS, horo ne da ƙungiyar Neurocritical Care Society ta Amurka take bayarwa ga likitoci da ma'aikatan jinya da masana magunguna da ma'aikatan motar ɗaukar marasa lafiya. An fara gabatar da shi a shekarar 2012 ƙarƙashin jagorancin likitoci biyu, Wade Smith da Scott Weingart, kuma dukan abin da ya ƙunsa ya ta'allaƙa ne a kan abin da ya kamata a yi a cikin sa'ar farko bayan an kawo mutumin da ƙwaƙwalwarsa ko lakarsa take cikin haɗari. Na yi kwas ɗin ne a matsayina na wanda ake kira da tsakar dare idan hoton kai ya nuna jini, don haka ma'aunin da na ɗora shi a kai shi ne ko yana taimakawa majinyaci ya iso teburin tiyata da sauran ƙwaƙwalwar da za a ceta. A wannan fuska ya cika alkawarinsa ƙwarai, amma iyakarsa ƙofar ɗakin tiyata, kuma wanda ya biya kuɗinsa yana zaton zai koyi abin da ke bayan wannan ƙofa zai fito da ƙorafi.

An raba kwas ɗin zuwa darussa 14 waɗanda ake bi ta intanet, kowanne da rubutaccen bayani, da zanen matakan da za a bi, da jerin abubuwan da dole a kammala a sa'ar farko, sannan da jarrabawa ta zaɓen amsa a ƙarshensa. Wanda ya ci jarrabawar dukan darussan yana samun takardar shaida mai aiki na shekara biyu, bayan haka sai ya sabunta. Akwai kuma zaman aji da masu horarwa da ƙungiyar ta amince da su suke gudanarwa. Daga cikin darussan, shida ne suka shafi aikinmu kai tsaye: hauhawar matsin cikin kai, raunin kai, raunin ƙashin baya da laka, dannewar laka, zubar jini a cikin naman ƙwaƙwalwa, da zubar jini a ƙarƙashin tantanin da ya lulluɓe ta. Sauran, irin su farfaɗiyar da ta ƙi tsayawa, da sanƙarau, da doguwar suma, da toshewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, sun fi karkata ga likitocin da ba sa riƙe wuƙa, kodayake ba wanda zai ce bai ƙaru da su ba.

Darasin matsin cikin kai shi ne ya fi kowanne inganci, kuma shi kaɗai ya isa dalilin yin kwas ɗin. Ƙoƙon kan babba kamar ƙwarya ne da aka rufe aka liƙe, ba ya miƙewa, kuma abubuwa uku ne a cikinsa: naman ƙwaƙwalwa, da jini, da ruwan ƙwaƙwalwa. Idan wani abu ya ƙaru, ko gudan jini ko kumburi ko ƙari, sai ruwan da jinin su matsa su ba shi wuri na ɗan lokaci, kuma da zarar wannan sararin ya ƙare matsin yana tashi da sauri har ƙwaƙwalwa ta soma turawa ta danne tushenta, inda ake sarrafa numfashi da bugun zuciya. Kowane ɗalibin likitanci ya san wannan bayani. Abin da kwas ɗin ya ƙara shi ne ya ɗauki wannan yanayi da irin gaggawar da ake ɗaukar tsayawar zuciya, ya kuma jera maganinsa hawa-hawa, daga mataki na sifili zuwa na uku. A matakin sifili ana tabbatar da hanyar numfashi, a ɗaga kan gado zuwa digiri 30, a daidaita wuya don jini ya sauka daga kai ba tare da cikas ba, a sauke zazzaɓi, a gyara gishirin jini idan ya yi ƙasa, a kuma ɗauki hoton CT. A mataki na ɗaya ake ba da maganin da ke zuƙe ruwa daga ƙwaƙwalwa, a sanya bututun zubar da ruwan ƙwaƙwalwa idan ruwan ne ya taru, a kuma tuntuɓi likitan tiyata. Daga nan sai a zurfafa maganin barci, sannan a ƙarshe a kai ga allurar pentobarbital, wani maganin barci mai ƙarfi, ko sanyaya jiki. Iyakar da ake fara ɗaukar mataki a kanta, ga wanda aka sanya wa na'urar awon matsi, ita ce ya wuce 22 mmHg ya kuma daɗe a haka.

Amfanin wannan jeri yana bayyana ne a bakin gado. A ɗauki majinyacin da ke kwance da bututun numfashi, ma'aikaciyar jinya ta ɗaga fatar idonsa ta haska tocila, ta ga ƙwayar idon dama ta buɗe ta ƙi tsukewa, ga hawan jini yana tashi, bugun zuciya kuma yana raguwa. Wanda bai saba ba yakan ruga neman mannitol, maganin nan da ke zuƙe ruwa daga ƙwaƙwalwa, alhali kan majinyacin yana kwance shimfiɗe a kan gado, kwalar wuyan da aka ɗaura masa kuma ta shaƙe jijiyoyin da ke sauke jini daga kai. Kwas ɗin yana koya wa mutum ya fara da abin da hannunsa zai gyara a cikin daƙiƙoƙi, sannan ya zaɓi magani da sanin illarsa. Mannitol, wanda ake bayarwa giram 0.5 zuwa 1 ga kowane kilo na nauyin jiki, yana sa fitsari mai yawa, saboda haka ga wanda ya riga ya zubar da jini yana iya kayar da hawan jininsa ya ƙara wa ƙwaƙwalwa yunwa, kuma a irin wannan hali ruwan gishiri mai ƙarfi ya fi dacewa. Haka kuma ƙara saurin numfashi a na'ura yana rage matsi nan take domin yana tsuke jijiyoyin jini, amma wannan tsukewar ita ce kuma illarsa, shi ya sa aka taƙaita shi ga ɗan lokacin da ake shirin shiga tiyata.

Darasin raunin kai ya bi sawun ƙa'idojin gidauniyar Brain Trauma Foundation, waɗanda bugunsu na huɗu ya fito a 2016, kuma ya nace a kan abin da masu aikin suka daɗe suna nanatawa, wato cewa raunin da ya faru a wurin haɗari ya riga ya faru, abin da ke hannun likita shi ne hana rauni na biyu da ƙarancin iskar oksijin da faɗuwar hawan jini suke haifarwa. Tun a 1993 binciken Randall Chesnut da abokan aikinsa ya nuna cewa faɗuwar awon sama na hawan jini ƙasa da 90, ko da sau ɗaya ne, tana da alaƙa da ninkuwar mace-mace. Ƙa'idojin yanzu sun ɗaga iyakar zuwa 100 ga masu shekara 50 zuwa 69, da 110 ga masu shekara 15 zuwa 49 ko waɗanda suka haura 70. Na ji daɗin yadda darasin bai yi kwana-kwana ba a kan magungunan rage kumburi dangin dexamethasone da methylprednisolone. Gwajin CRASH, wanda aka wallafa a 2004 a kan majinyata 10,008, ya nuna cewa irin waɗannan magunguna suna ƙara mutuwa ga mai raunin kai, amma har gobe akan samu wanda aka turo da allurar a jikinsa, domin wanda ya turo shi ya ji an ce kumburi ne. Idan kwas ɗin ya kawar da wannan ɗabi'a kaɗai daga hannun masu karɓar majinyata a matakin farko, ya yi aikin da ya fi wasu tiyatocin amfani.

Akwai wani ɓangare da ban yi zaton zai burge ni ba, shi ne jerin bayanan da kowane darasi ya tanada don miƙa majinyaci ga likita na gaba. Duk wanda ya taɓa riƙe wayar kiran gaggawa ya san irin kiran da ke farawa da cewa ga wani an kawo shi ba ya cikin hayyacinsa, a taimaka a zo a duba. Irin wannan kira ba ya nuna ko a tashi ma'aikatan ɗakin tiyata ko a jira safiya. Wanda ya bi tsarin kwas ɗin kuwa zai ce namiji ne mai shekara 34, ya faɗo daga bisa awa biyu da suka wuce, da farko yana magana, yanzu makinsa a ma'aunin Glasgow, mai auna yadda mutum yake cikin hayyacinsa, 7 ne, ido 1, magana 2, motsi 4, ƙwayar idon dama milimita 6 ba ta amsa haske, ba ya shan maganin tsinka jini, an sa masa bututun numfashi, hoto kuma ya nuna gudan jini tsakanin ƙashi da tantani a gefen dama. Kafin mai kiran ya rufe baki, likitan tiyata ya san gefen da zai aske da wurin da zai yanka. Ma'aunin nan, wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka wallafa a 1974, yana tashi daga maki 3 zuwa 15, kuma faɗin sassansa uku ɗaya bayan ɗaya ya fi faɗin jimlarsa amfani, musamman makin motsi, sannan yana da muhimmanci a ɗauke shi kafin a ba da maganin barci.

A ɓangaren laka, darasin rauni ya yi kyau wajen bayyana abubuwa biyu da suke yawan ruɗa masu karɓar majinyata. Na farko shi ne numfashi. Jijiyar da ke motsa tantanin numfashi tana fitowa ne daga gaɓoɓin wuya na 3 zuwa na 5, saboda haka mutumin da ya karye a wuya yana iya zuwa yana magana sarai, amma yayin da kumburin laka yake hawa sama, muryarsa kuma tana raunana, tarinsa yana mutuwa, sai numfashin ya gaza bayan sa'o'i, kuma gara a sa masa bututu a tsanake, wani yana riƙe da kansa, da a yi hakan cikin firgici. Na biyu shi ne faɗuwar hawan jini tare da jinkirin bugun zuciya da ɗumin fata, wanda ke biyo bayan rauni a sama da gaɓar ƙirji ta 6. Wannan yanayi yana buƙatar maganin da ke tsuke jijiyoyin jini, ba ƙarin ruwa ba kama hannun yaro ba, amma ba a yanke hukuncin cewa shi ne sai an tabbatar babu jinin da ke zuba a ciki ko a ƙirji, domin wanda lakarsa ta yanke ba zai ji ciwon cikin da zai tona asirin zubar ba. Ƙa'idojin ƙungiyoyin likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa na Amurka na 2013 sun ba da shawarar riƙe matsakaicin hawan jini a 85 zuwa 90 har kwana bakwai, sun kuma hana amfani da methylprednisolone, wanda ya yi tashe bayan gwajin NASCIS na biyu a 1990. Batun lokacin tiyata kuwa, binciken STASCIS na 2012 ya nuna fa'idar sauke dannewar a cikin awa 24, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa jinkirin tura majinyaci yake da tsada.

Darasin dannewar laka da ba rauni ne ya jawo ta ba ya fi dacewa da likitocin da ke ganin ciwon baya kullum, domin a hannunsu ake rasa waɗannan majinyata. Mai ciwon daji da ya zo da sabon ciwon baya wanda ke tsananta idan ya kwanta, ko mai zazzaɓi da ciwon baya da ƙafafu masu nauyi, suna buƙatar hoton MRI na dukan ƙashin baya a ranar, ba a mako mai zuwa ba. A nan dexamethasone yana da gurbi idan ƙari ne ya danne, kuma gwajin Roy Patchell na 2005 ya nuna cewa kashi 84 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata sannan aka gasa ƙarin da hasken kashe daji sun iya tafiya, alhali kashi 57 ne kawai a cikin waɗanda aka gasa musu ƙarin kaɗai. Abin da ya fi hasashen ko mutum zai taka ƙafarsa bayan magani shi ne ko yana takawa a lokacin da aka fara maganin. Da na so a ce an ƙara nauyi a kan dannewar jijiyoyin da ke ƙasan laka, wadda zamewar faifan baya take jawowa, domin alamominta abin kunya ne ga majinyaci kuma ba zai faɗe su ba sai an tambaye shi ƙarara: ko yana jin taɓawa a tsakanin cinyoyinsa da duburarsa, ko yana sanin lokacin da mafitsararsa ta cika, ko fitsari yana zubo masa ba tare da saninsa ba. Awon fitsarin da ya rage a mafitsara bayan ya kama ruwa aiki ne na minti biyu, kuma sau da yawa shi ke raba wanda zai jira da wanda za a shiga da shi a daren.

Darussan zubar jini biyu sun yi abin da ake buƙata ba tare da wani sabon abu ba. Ga mai matsanancin ciwon kai da ya faɗo farat ɗaya, alamar zubar jini a ƙarƙashin tantanin ƙwaƙwalwa, hoton CT da aka ɗauka a cikin awa shida na farko yana gano zubar kusan ɗari bisa ɗari, bayan haka kuma akan buƙaci ɗibar ruwan baya. Sai a sauke hawan jini, a fara nimodipine miligiram 60 duk awa huɗu na kwana 21, a kuma sa ido kan taruwar ruwa a kai. Ga zubar cikin naman ƙwaƙwalwa, abin da na fi yabawa shi ne yadda aka sa warware maganin tsinka jini a sahun gaba, da yadda aka ware zubar da ke ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya a matsayin abin da ba ya jira, tun da gudan da ya wuce santimita 3 a wannan matsattsen wuri yana iya kashe mutum cikin ƙanƙanin lokaci, kuma cire shi yakan dawo da mutum gidansa da ƙafarsa.

Inda kwas ɗin ya tsaya shi ne inda wahalar likitan tiyata take farawa. Lambobin da ake yanke hukunci da su sanannu ne: gudan jini tsakanin ƙashi da tantani da ya haura mililita 30 ana cire shi ko mene ne makin majinyaci, wanda ke ƙarƙashin tantani kuma ana cire shi idan kaurinsa ya wuce milimita 10 ko ya ture tsakiyar ƙwaƙwalwa fiye da milimita 5. Amma lambobi ba sa gaya wa mutum abin da zai yi da tsoho mai shekara 82 da ke shan maganin tsinka jini warfarin, ƙwayoyin idanunsa biyu sun buɗe sun ƙi tsukewa tun awa uku da suka wuce, iyalansa kuma suna tsaye a bakin ƙofa suna roƙon a yi duk abin da za a iya. Haka batun cire wani ɓangare na ƙoƙon kai don a ba ƙwaƙwalwa wurin kumbura. Gwajin RESCUEicp na 2016 ya nuna cewa wannan tiyata ta rage mutuwa a wata shida daga kashi 48.9 zuwa 26.9 cikin 100, amma ta ƙara yawan waɗanda suka rayu ba su san inda suke ba ko suka dogara ga wasu a komai. A zanen matakai wannan tiyata akwati ɗaya ce da kibiya take nunawa, alhali a aikace hukunci ne da ake yankewa tare da iyali, kuma yadda ake zama da su a yi wannan magana ba ya cikin abin da aka tsara kwas ɗin ya koyar.

Akwai kuma matsalolin gaggawa da suka keɓanta da aikinmu waɗanda ba su da darasi mai zaman kansa a cikin goma sha huɗun. Babba daga ciki shi ne toshewar bututun da ake dasa wa masu taruwar ruwa a kai, wanda ke kai ruwan zuwa ciki. Yaro mai irin wannan bututu da ya zo da ciwon kai da amai da yawan barci, ana ɗaukarsa a matsayin wanda bututunsa ya toshe har sai an tabbatar da akasin haka, ko da hotonsa bai bambanta da na baya ba, kuma maganar mahaifiyarsa cewa haka ya yi a karon da ya gabata hujja ce mai ƙarfi. Sai zubar jini a cikin ƙarin da ke kan ƙululun pituitary da ke gindin ƙwaƙwalwa, mai zuwa da ciwon kai da raguwar gani, inda allurar hydrocortisone take ceton rai tun kafin a yi maganar wuƙa. Sai kuma majinyacin da aka yi wa tiyata ta gaban wuya, wanda wuyansa ya soma kumbura muryarsa ta sauya, wanda dole a warware ɗinkinsa nan take a kan gadonsa. Waɗannan abubuwa ne da ƙaramin likita a sashen tiyatar ƙwaƙwalwa zai ci karo da su tun a watanninsa na farko, kuma sai sashen ya koya masa su da kansa.

Matakan kwas ɗin sun ɗauka cewa hoton CT yana samuwa cikin mintuna, MRI yana aiki dare da rana, na'urar awon matsin cikin kai kuma tana nan a ajiye, wanda ba haka abin yake ba a asibitoci da yawa a duniya. Wanda ke aiki inda babu na'urar awon matsi zai fi amfana da sanin gwajin BEST-TRIP na 2012, wanda aka gudanar a Bolibiya da Ekwado a kan majinyata 324, inda kulawar da ta dogara ga duba majinyaci a kai a kai da maimaita hoto ba ta gaza wadda ta dogara ga na'urar ba. Sannan takardar shaidar ta dogara ne ga jarrabawar zaɓen amsa, saɓanin kwas ɗin ATLS na kula da masu rauni, na Kwalejin Likitocin Tiyata ta Amurka, inda ake gwada hannun mutum a aikace. Ana iya cin jarrabawar raunin laka da maki mai kyau ba tare da an taɓa haɗuwa da mutum uku an juya majinyaci kansa da gangar jikinsa suna tafiya tare ba.

Saboda haka waɗanda za su fi cin moriyarsa su ne likitocin sashen gaggawa, da ma'aikatan jinya na sashen kulawa ta musamman, da likitocin asibitocin da ke tura majinyata zuwa manyan cibiyoyi, da kuma sabon likitan da zai fara kwanan aiki a sashen tiyatar ƙwaƙwalwa, wanda ya kamata ya kammala darussan nan shida kafin a miƙa masa wayar kira. Gogaggen likitan tiyata ba zai sami sabon ilimi mai yawa ba, in ban da darasin magunguna da na farfaɗiya da za su sabunta masa abin da ya daɗe bai duba ba. Shugaban sashen da ke da halin ɗaukar nauyin mutane kaɗan kawai, gara ya fara da ma'aikatan jinya masu kwanan dare da likitocin da suke turo masa majinyata, sannan ya tsara nasa zaman koyarwa a kan bututun ruwan kai, da matsalolin bayan tiyata, da juya mai raunin wuya.